Wa Ya Kamata Ya Riƙe Makullin Kwamfutar Ofis?

Duk wanda ya yi aikin ofis a zamanin da fayil da tafireta suke tashe ya san yadda ake rabon makullai. Masinja yana riƙe da na ƙofar waje, domin shi ke fara zuwa da sassafe. Akawu yana da na kabad ɗin fayiloli, kashiya yana da na akwatin ƙarfe, mai kula da sito kuma yana da nasa. Ba a taɓa jin masinja ya yi fushi don an hana shi makullin akwatin kuɗi ba, bai kuma ɗauki hanin a kan zargin sata ba. In aka yi wa akawu canjin wurin aiki, kafin ya hau mota sai ya miƙa makullansa ga wanda ya gaje shi, su duka biyu su sa hannu a takarda. Haka abin yake tun zamanin En'e, inda makullin baitulmali yake bin sarautar Ma'aji, wanda aka naɗa ya karɓa, wanda aka tuɓe ya ajiye.

Yanzu kuwa fayil da akwatin kuɗi da sito duk sun koma cikin kwamfuta. Abin mamaki shi ne, ofisoshi da yawa waɗanda ba za su yarda su ba ma'aikaci makullin ɗakin da ba nasa ba, su ne ke miƙa masa kwamfuta da makullin da ke buɗe ko'ina a cikinta, ba wanda ya rubuta, ba wanda zai karɓa ran da ya bar aiki.

MAKULLIN DA KE BUƊE KO'INA

Kwamfutar da ke aiki da Windows ta san mutane iri biyu. Akwai ma'aikaci na gama-gari, wanda zai iya rubuta wasiƙa, ya buɗe saƙo, ya buga takarda, ya shiga intanet, amma ba shi da ikon taɓa ginshiƙan na'urar. Akwai kuma mai cikakken iko, watau admin, kalmar da masu amfani da WhatsApp suka sani sarai. Shi wannan yana iya sa sabuwar manhaja ko ya cire tsohuwa, ya kashe manhajar da ke gadin na'urar, ya buɗe fayilolin duk wanda ke amfani da ita, ya shigo da sabon mutum, har ma ya goge littafin da na'urar ke rubuta abin da aka aikata a cikinta.

Sunan farko da aka buɗe lokacin da ake ɗora Windows a kan na'ura da cikakken iko yake zuwa. Saboda haka kwamfutar da aka sayo a Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano, mai gyara ya ɗora mata manhaja, aka kai ta ofis aka ajiye a kan teburin sakatare, galibi da babban makullinta take isa hannunsa. A manyan ma'aikatu kuwa gajiya ce ke jawo haka. Injiniya ɗaya ne ke kula da kwamfutoci masu yawa, wannan ya kira shi ya haɗa masa na'urar buga takarda, wancan ya kira shi ya sabunta masa manhaja, sai ya ga hanyar hutu ita ce ya ba kowa cikakken iko.

Haɗarin yana nan ne: duk manhajar da mutum ya buɗe, da ikonsa take aiki. In ma'aikaci na gama-gari ya buɗe saƙon yaudara mai ɗauke da muguwar manhaja, ɓarnar takan tsaya a iyakar abin da hannunsa ke kaiwa. In kuwa mai cikakken iko ne ya buɗe, ya danna amincewa, to, ɓarawo ya sami makullin gida. Ba sai ma'aikacin ya zama maci amana ba, ya ishe shi ya zama mai gaggawa.

DARASI DAGA MAERSK

Ran 27 ga watan Yuni, 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta ɓulla a ƙasar Yukren. Ta shigo ne ta cikin sabuntawar M.E.Doc, manhajar lissafi da kamfanonin ƙasar ke amfani da ita wajen harkar haraji. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Denmak, wanda kwantenoninsa ba baƙi ba ne a tashar Apapa, yana da ofis a birnin Odessa inda aka sa wannan manhaja. Daga nan cutar ta bazu cikin ofisoshinsa na duniya.

Ta hanya biyu take yaɗuwa. Ta farko ita ce wata kafa a jikin Windows wadda ba a toshe ta ba a na'urori da yawa. Ta biyu ita ce ta fi muni: in ta sami cikakken iko a kan kwamfuta ɗaya, sai ta tono kalmomin sirri na waɗanda suka shiga na'urar, ta yi amfani da su ta shiga kwamfutocin da ke maƙwabtaka, har da waɗanda aka riga aka toshe musu waccan kafa. Duk inda sunan mutum ɗaya yake da iko a kan na'urori masu yawa, nan take samun hanya a share.

Shugaban hukumar kamfanin na wancan lokaci, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos na watan Janairu, 2018, cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Kwamfutocin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da ikon kowannensu duk sun mutu, in ban da guda ɗaya a ofishinsu na Ghana, wadda ta tsira saboda an ɗauke wuta kafin cutar ta iso. Sai da aka ɗauko abin da ke cikinta aka kawo Nijeriya, aka miƙa wa wani ma'aikaci a filin jirgin sama ya wuce da shi Ingila, sa'an nan aka fara farfaɗo da kamfanin. Ba kowace ma'aikata ce ɗaukewar wuta za ta cece ta ba.

BA DA IKO GWARGWADON AIKI

Maganin ya girmi cutar. Tun a shekarar 1975 wasu malamai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka shimfiɗa ƙa'idar cewa kowane mutum da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da zai ishe su kammala abin da aka sa su. A wajejen 1980, a jami'ar jihar New York da ke Buffalo, aka ƙirƙiro sudo, wadda ke barin ma'aikaci na gama-gari ya zartar da wani umarni guda da cikakken iko, ta rubuta abin da ya yi, sa'an nan ya koma matsayinsa. Har yau ana amfani da ita a kwamfutoci masu aiki da Linux. Kamfanin Microsoft ya kawo Active Directory a shekarar 2000, watau rajistar da ke tara sunayen ma'aikata da rukunoninsu a wuri guda, kana a 2007 Windows Vista ta zo da tambayar nan da ke fitowa kafin a yi babban canji a na'ura.

Amma fa hana kowa iko shi kaɗai ba ya gyara ofis. Akwai ayyukan halal da ba sa yiwuwa sai da shi. Akanta yana da manhajar albashi da take bukatar sabuntawa, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje yana da na'urar da sai an ɗora mata manhajarta. In aka ce kowa ya jira injiniya, aiki zai tsaya, mutane kuma za su nemi hanyar bayan gida.

Wannan ne ya haifar da manhajojin kula da iko a kan kwamfutocin ma'aikata, irin waɗanda kamfanonin BeyondTrust da CyberArk suke yi, da kuma wadda Microsoft ya ƙara a cikin Intune a shekarar 2023. Dabararsu guda ce. Ma'aikaci yana zama na gama-gari kullum, manhajar da aka yarda da ita kaɗai ake ɗaga wa iko, na ɗan lokacin da take aiki. Ana iya cewa wata manhaja ta sami ikon kai tsaye, wata sai ma'aikaci ya tabbatar da kansa ya rubuta dalili, wata sai ya nemi izini injiniya ya amince, wata kuma a hana ta sam. Kowane ɗagawa ana rubuta shi, da sunan mai yi da lokaci.

MUTUM, RUKUNI KO NA'URA

Rubuta ƙa'ida rabin aiki ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi wuya, shi ne a san kan wa za ta hau. Hanya uku ce a gaban mai tsarawa: ya ɗora ta a kan mutum da sunansa, ko a kan rukunin mutane, ko a kan na'ura.

A ɗauki misalin wani asibiti. Kwamfutar da ke ɗakin marasa lafiya ma'aikatan jinya na safe da na yamma da na dare duk suna amfani da ita. Ƙa'idar da ta shafi na'urar buga takardar ɗakin ta fi dacewa ta hau kan kwamfutar kanta, domin bukatar ta ɗakin ce, ko wa ke bakin aiki. Amma wanda ya zaɓi wannan hanya ya sani cewa duk wanda ya shiga na'urar ya sami ikon, ko da ɗalibi ne da ya zo koyon aiki. Manhajar albashi kuwa ta ma'aikatan lissafi ce, tana bin su duk kwamfutar da suka zauna a kai, saboda haka ƙa'idarta kan mutane za ta hau.

To, da suna za a ɗora ta ko da rukuni? Ɗorawa da suna tana da sauƙi ranar farko, wahalarta sai daga baya. In akanta ya yi ritaya, sai an bi ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya ana neman sunansa, wanda ya gaje shi kuma sai an bi an rubuta nasa, abin da aka manta kuwa ya zauna. In da rukuni ne, alal misali rukunin ma'aikatan lissafi, cire suna ɗaya da sa wani ya wadatar, ƙa'idojin suna nan yadda suke. Wannan tunani ne David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar ma'auni ta Amurka suka tsara a shekarar 1992: a haɗa iko da muƙami, sa'an nan a haɗa mutum da muƙamin. Hikimar makullin Ma'aji ke nan ta dawo cikin sabuwar riga.

Ɗorawa da suna tana da gurbinta, amma ƙanƙane ne. Ɗan kwangilar da ya zo gyaran mako biyu ana iya ba shi iko da sunansa, muddin an rubuta ranar da ikon zai ƙare tun ranar da aka ba shi.

INDA BANGO KE TSAGEWA

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rukuni yana da tsagoginsa, kuma na farko shi ne faɗi. A cikin Active Directory akwai rukunin da kowane sabon ma'aikaci ke faɗawa cikinsa da zarar an buɗe masa suna. Wanda ya ɗora ƙa'idar ɗaga iko a kan wannan rukuni don gudun wahala, ya koma inda ya fito. Ran 15 ga watan Yuli, 2020, wasu samari suka yaudari ma'aikatan kamfanin Twitter ta wayar tarho, suka sami shiga kayan aikin cikin gida, suka kai hari kan shafuka 130, har da na Barack Obama da Joe Biden da Elon Musk, suka yi amfani da wasunsu wajen damfarar jama'a. Bincike ya nuna mutanen da ke da ikon taɓa waɗannan kayan aiki sun haura 1,000. Mai neman yaudarar mutum ɗaya cikin dubu ba zai daɗe yana nema ba.

Tsaga ta biyu ita ce tarin iko. Ma'aikaci ya fara a sashen sayayya, aka mai da shi sashen lissafi, daga nan aka kai shi sashen bincike. Kowane sabon wuri ana sa shi a rukuninsa, domin in ba a sa shi ba zai yi kuka. Tsohon rukunin kuwa ba mai kukan a cire shi. Bayan shekaru sai a tarar mutum ɗaya yana riƙe da ikon saye da na biya da na binciken abin da aka biya. Haka kuma masu yi wa ƙasa hidima, shekara ɗaya suke yi su tafi, amma a ofisoshin da ba a kula, sunayensu na nan da rai a rukuni bayan sun daɗe da komawa garuruwansu.

Ta uku ita ce rukuni a cikin rukuni. Ana iya sa rukunin masu koyon aiki a cikin na sashen injiniyoyi don su riƙa samun sanarwa, a manta cewa rukunin injiniyoyin yana ɗauke da ikon ɗora manhaja. Mai duba takarda zai ga sunaye kaɗan, alhali kuwa a ƙarƙashinsu akwai jama'a. Akwai kuma rukunin da ke cika kansa da kansa, irin wanda ake yi a Entra ID, inda duk wanda aka rubuta a rajista cewa yana sashen kaza sai ya faɗa rukunin sashen. Wannan yana rage mantuwa ƙwarai, sai dai duk akawun da ke da ikon gyara sunan sashe a rajista, shi ne mai rabon makulli a asirce, ko bai sani ba.

Ta huɗu ita ce karo tsakanin ƙa'idoji. Mutum ɗaya yana iya zama a rukuni biyu, ɗaya ya halatta masa abu, ɗaya ya hana. Kowace manhaja da yadda take raba wannan gardama. A cikin sudo, layin da ya zo ƙarshe shi ke rinjaye. A cikin Intune, in aka sa rukunin mutane a ƙa'ida aka kuma ware wani rukunin mutane daga cikinta, warewar ke rinjaye, kuma ƙa'idar ɗaga iko da aka ɗora kan mutum tana gaban wadda aka ɗora kan na'ura. Injiniyan da ya saba da wata ya koma wata ba tare da ya karanta ba zai buɗe ƙofar da yake zaton ya kulle. Har ila yau, cire mutum daga rukuni ba kullum yake aiki nan take ba, domin Windows tana lissafa rukunonin mutum ne lokacin da ya shiga, sai ya fita ya sake shiga canjin ya kama shi sosai. Wanda aka sallama saboda laifi, sunansa dungum ake rufewa a kuma karɓe na'urar.

Daɗin daɗawa, rukuni mai kyau ba ya gyara ƙa'ida mara kyau. In aka ce a ɗaga wa manhaja iko saboda sunanta kawai, kowa yana iya sauya wa wata manhaja suna ta shige. Shi ya sa ake dogara da hatimin kamfanin da ya yi ta, ko da wata lamba da ake lissafowa daga jikin fayil ɗin, wadda ke sauyawa da zarar an taɓa shi. Lalle ne kuma a duba ko manhajar da aka ɗaga tana iya buɗe wasu manhajoji su gaji ikonta.

MAGANAR MANYA

Duk waɗannan injiniya zai iya gyara su. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne rukunin manya. A ofisoshi da yawa cikakken iko a kan kwamfuta ya zama alamar girma, kamar babbar kujera da labule mai kauri. Darakta zai ce yaya za a yi ƙaramin ma'aikaci ya hana shi sa abin da yake so a na'urarsa, injiniyan kuwa ba shi da bakin musu, sai ya buɗe rukuni na musamman ya ware manya daga kowace ƙa'ida. Alhali kwamfutar darakta ita ce masu kutse suka fi nema, domin sunansa yana jarida, wasiƙunsa suna da nauyi, umarninsa yana fitar da kuɗi. Aikinsa kuma, na karanta rahoto da sa hannu, shi ne ya fi ƙarancin bukatar wannan iko. Ko injiniyoyin kansu, abin da ya dace shi ne kowannensu ya riƙe suna biyu, na gama-gari don karanta saƙo da shiga intanet, mai iko don gyara kaɗai.

Ma'aikatar da ke son gyara ba za ta ƙwace makullai rana ɗaya ba. Za ta fara da sa ido na wasu makonni, ta ga waɗanne manhajoji ne ake ɗaga wa iko kuma su wa ke yi. Daga nan ta gina rukunoni bisa aikin da ta gani, ta gwada a kan sashe ɗaya, ta gyara, kana ta faɗaɗa. Kowane rukuni ya zama yana da mai shi, watau shugaban sashe wanda za a riƙa kai wa jerin sunaye lokaci lokaci ya sa hannu cewa har yanzu mutanensa ne. Ofishin kula da ma'aikata kuma ya sanar da sashen kwamfuta duk canji da ritaya da sallama a ranar da aka yi su.

Batun ya wuce son rai. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni, 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ce in an yi kutse mai haɗari ga masu bayanan a sanar da hukuma cikin sa'o'i 72. Bayanan nan kuwa na mara lafiya ne, da na ɗan fansho, da na mai ajiya a banki, mutanen da ba a shawarce su ba lokacin da ake rabon makullai.

Shugaban kowace ma'aikata yana iya fara wannan aiki gobe da safe, ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ya kira injiniyansa ya ce a kawo masa jerin sunayen duk masu cikakken iko, da na rukunonin da ke cikin rukunoni, ya zauna da alƙalami yana tambaya a kan kowane suna: wane ne wannan, yana nan kuwa, me yake yi da makullin? In ya tarar da nasa sunan a jerin, da shi ya kamata ya fara. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.